Umara Ɗaya, Uwa Biyu

Bana gwiwoyina suka yi mini tawaye. Zuciya ta goya musu baya, likita ya goya wa zuciya baya, aka taru aka yi mini taron dangi. Hukuncin da aka yanke shi ne, in azumi ya kama umara ɗaya tak zan yi, ita ma a kan keke, autana yana tura ni kamar buhun shinkafa. Ni kuwa tun ina da ƙarfina azumi bai taɓa wucewa ban yi umara biyu ba, kuma babu tawa a ciki. Ɗaya ta Inna ce, wadda ta haife ni. Ɗaya ta Ummi ce, Ba'indiyar da ta rene ni, wadda ake kira Hindiya. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, umara kuma ba tuwo ba ce da za a gutsura malmala ɗaya a ba mutum biyu. Niyya ɗaya, mutum ɗaya. Wato dai a taƙaice cewa aka yi in zaɓi uwa.

Autan nawa, wanda yanzu furfura ta fara cin gemunsa, ya zauna a gabana a falon gidansa na unguwar Zahir a nan Makka ya ce, "Umma, ai babu abin tunani a nan. Uwa ita ce uwa. Hindiya Allah ya saka mata da alheri, amma ba ta haife ki ba, ba ta shayar da ke ba. Halas, magana ta ƙare."

'Yarsa tana gefe rungume da jaririnta na fari, ta yi tsalle ta dire cikin maganar da Hausarta mai ɗingishi. "La, ya Baba, wallahi haram! Wadda ta ce ke ba 'yarta ba ce, ta hau mota ta tafi, ita ce uwa? Sitti, kakata, ki yi wa Hindiya. Waccan yar da ke ta yi."

Na dube su. Uba ya cire mini ɗaya, 'ya ta cire mini ɗayar, sun bar ni tsohuwa marainiya a kan kujera, kuma suna jiran in ce na gode. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ƙyale su, don wanda bai san farkon magana ba ɓata yawu ne ka yi masa gardamar ƙarshenta.

Yaran nan ba su san unguwar Misfala da na sani ba. Inda gidanmu yake, a kafaɗar dutse, yau otal ne mai gilashi, in ka ɗaga kai neman ƙarshensa sai mayafinka ya zame. A da lungu ne mai matakala, ɗakunan langa-langa da katako da duwatsu, wannan a wuyan wancan, mu Takaru a can sama inda hawa ya fi wuya, Indiyawa da mutanen Yaman a ƙasa-ƙasa. Kafin ka buɗe ido da safe ƙarar garwa ce za ta tashe ka, 'yan garuwa suna hawo dutse da sanda a kafaɗa, ruwa yana fallatsa a matakala. Babana ɗaya ne daga cikinsu, har ranar da zafi ya kayar da shi a tsakiyar hanya bai tashi ba. Daga garwa sai turmi, daga turmi sai tattabaru, sannan kiran salla ya taso daga Harami ya hawo dutse ya iske mu a bakin murhu. Da azumi igwar buɗa-baki ce ke tashi, awaki su watse, mu yara mu bi su da ihu. Aikinmu shi ne 'ya'yan guna da na kabewa: a wanke, a shanya, a soya da gishiri, a ƙulla a takarda, iyayenmu mata su sauka da su bakin hanya tare da hatsin tattabaru. Harami kuwa tsakar gidanmu ne. Da ƙafa ba takalmi muke gangarawa, mu sha Zamzam mu yi gudu a kan tsakuwa, ba wanda ya ce mana daga ina. Yau sai an nema mini izini a waya kafin in je inda na koyi tafiya.

Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya tashi a hannun Hausawan da ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa kallona ido cikin ido a gaban mutane ba. In tana son ta aike ni sai ta yi wa bango magana, ta ce da za a samu mai miƙo mini tsintsiya, ni kuma in tashi in miƙa wa wadda ta roƙi bango. In baƙuwa ta ce yarinyar nan ta yi wayo, Inna sai ta sunkuya ta hau gyaran itacen da ba ya bukatar gyara. Ƙanena kuwa, wanda take goyo, shi ake yi wa tawai, shi ake cillawa sama ana yi masa kirari. Tsofaffi suna cewa kunyar ɗan fari ado ce ga mace, wadda ba ta yi ba a ce ba ta da tarbiyya. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo. Yarinya ba ta san ado ba, abin da ta sani shi ne wa ya ɗora ta a cinya. Yanzu ina ganin jikata tana sumbatar ɗanta na fari har ya shaƙe, ta aika hotonsa duniya tun kafin a raɗa masa suna, sai in rasa dariya zan yi ko kishi.

Cinyar da na samu ta Hindiya ce. Ɗakinta yana ƙasa da namu, rufinta shi ne wurin shanyarmu. Hadiza aka sa mata da ta musulunta, amma a lungun ba mai kiranta sai Hindiya. Gajeriya ce, baƙa-baƙa, gashinta har baya, hannunta kullum ƙamshin man kwakwa da yaji. Mijinta tela ne a gindin dutse, mutum mai shiru, shi ya kawo ta a jirgin ruwa, kuma su suna da iƙama, takardar zama wadda mu ba mu taɓa ganin kalarta ba. Ba ta taɓa haihuwa ba. Hausa a bakin matan lungu ta tsince ta, ta gauraya da Larabcin kasuwa, in tana magana sai ka ji kamar ana dama fura da cokali mai yatsu, amma ana ganewa. Da hantsi ya yi za ta leƙo ta kira sunana da ƙarfi, sunan da a ɗakinmu ba a faɗa, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi ta shafa mini mai a ka tana ba ni labarin garinsu.

A gidan Hindu aka haife ta, ita kaɗai iyayenta suka mallaka. A wurinta na fara jin yadda mutanen nan suka ɗauki haihuwa, kuma har yau ban ji wanda ya ɗauke ta da nauyi kamarsu ba. Ta ce a wurinsu duk wanda aka haifa da kayan kakanninsa a ka ya zo, kuma ba ya sauke kayan sai ya haifi wani ya rena. Aure da reno a wurinsu ibada ce, ba ta gaza zaman mai zuhudu a kogo ba. In uba ya mutu ɗansa namiji ne ke kunna masa wutar ƙarshe, shi ne kuma duk shekara zai tsaya a bakin ruwa ya zuba wa matattun gidan ruwa, ya ajiye musu curin shinkafa da riɗi, yana kiran sunayensu, uba da kaka da kakan kaka. Gidan da ba ɗa, suna ganin an bar matattunsa da ƙishirwa. Ta ce jariri baƙon Ubangiji ne da ya sauka a gidanka, shi ya sa ake lasa masa zuma, ake raɗa masa suna a kunne, ake yin buki ranar da ya fara cin shinkafa. In 'ya mace ce, su ce arziki ne ya shigo da ƙafarsa. Su kuma 'ya'ya da safe sai sun sunkuya sun taɓa ƙafar uwa da uba, don a wurinsu iyaye ne ƙofar farko ta zuwa ga Ubangiji.

In ta gama sai ta yi istigfari, ta ja carbinta. Wata rana ta ce mini, "Gumakan na bar su, wallahi na bar su, ko mafarkinsu ba na yi. Amma babana ba shi da namiji, ni kaɗai, ni kuma na tafi. Ranar da na fita ya ce, kin kashe ni sau biyu. Na san ruwan ba ya isa wurin matattu, na sani. To me ya sa duk lokacin da na sha ruwa sai in tuna shi?" Abin da na gane shi ne mutum yana iya barin addinin gidansu kaf, amma abin da aka raɗa masa yana goye ba ya fita da wanka.

Shi ya sa halin Inna ke ƙona mata rai. Ran nan ta hawo da ni a hannu, ta iske Inna tana tsince guna a faifai, ta tsaya a kanta ta riƙe ƙugu.

"Ke wace irin uwa? Allah ya aiko miki baƙuwa, kin juya mata ƙeya. Ni ina roƙo har gwiwata ta yi kanta, ke an ba ki, ko sunanta ba kya faɗa!"

Inna ba ta ɗago ba. Ta feɗe guna ɗaya da haƙori ta tofar da ɓawon, sannan ta ce, "Hindiya, a garinku mai zinariya a tafin hannu yake yawo da ita?"

"Ba zinariya ba ce, yarinya ce. Tana jin ciwo."

"To ai ɗa na kowa ne. Ga ta nan, ki yi ta shafa mata man, kada dai ki lalata mini ita da shagwaɓa."

Wannan "mini" ɗin da ya suɓuce mata, na ɗauke shi na adana, ko da yake ita ta yi kamar ba ta faɗa ba.

Ranar da jikata ke magana a kai, da rana tsaka abin ya faru, lokacin haƙoran gabana ba su daɗe da sake fitowa ba. Masu kame suka toshe lungun ta sama da ta ƙasa, babbar mota tana jira a gindin dutse. Duk wanda ba shi da takarda ƙasarsu za a mayar da shi, kowa ya san wannan, da shi muke kwana muke tashi. Aka tattaro mata da fayafayansu, guna ta zube a matakala, tattabaru suka sauko suna ci ba ruwansu. Na hango Inna a layi da ƙanena a baya. Na sheƙa da gudu na cafke bakin zanenta, abin da ban taɓa yi ba a gaban jama'a. Wani askar, wato ɗan sandansu, ya nuna ni da sanda ya tambaye ta da Larabci ko ni 'yarta ce.

Inna ta dubi saman kaina, inda ta saba duba. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsuna daga zanenta, a hankali, ba da fisga ba. Ta ce, "Ba tawa ba ce. Ta Hindiya ce."

Sai ga Hindiya ta fito a guje ba takalmi, hannunta duk ƙullin gurasa, tana ihu, "Binti! Binti!" wato 'yata. Ta fisge ni ta cusa kaina a cikinta. Askar ɗin ya dube ta, ya dube ni, ya dubi gashinta ya dubi nawa, ya fashe da dariya ya ce ta ina aka yi haka. Ta zaro iƙamarta daga ƙirji ta kaɗa masa a hanci ta ce, "Allah ya ba ni. In ba ka yarda ba, je ka tambaye Shi, ga ɗakinsa can ƙasa." Ko ya yarda ko zafi ne ya ishe shi, ya kaɗa hannu ya ce yalla, ɗauke ta.

Muka bi su har gindin dutse. Inna ta hau motar ta zauna ta ba mu baya. Ina kuka ina kiranta, ba ta waiwayo ba. Sai da mota ta tashi ta fara gangarawa, sannan ta juyo, ba wajena ba, wajen Hindiya, ta ɗaga muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba ta ce, "Hindiya! Kada ki ba ta ruwan randa da sassafe, tari yake sa ta. Kuma ba ta cin kuɓewa, kada ki tilasta mata!"

Wannan shi ne sallamarmu. Ni da nake zaton ba ta san ko da wane hannu nake cin tuwo ba, ashe har tarina tana ƙirgawa a ranta. Me ke jiranta a Kano? Bazawara da goyo, ba ɗaki ba gona, sai rakuɓe a gidan dangin da suka manta fuskarta. Ta duba ta ga inda zan ƙoshi, inda zan yi karatu, inda akwai macen da za ta mutu a kaina, ta yanke hannunta ta bar shi a nan. Jikata ta kira wannan yarwa. Yarinyar da in ɗanta ya yi atishawa sai ta kira likita ita ce za ta koya wa Inna so! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau benen agogon nan ba zai hango ba.

Ba a yi kwana nawa ba sai ga matan Takarun da kame ya tsallake, Goggo Mai-koko a gaba, tsohuwar da duk lungun ke shakkar bakinta. Suka tsaya a ƙofar Hindiya, Goggo ta ce, "Baiwar Allah, an gode, kin yi abin kirki. Yanzu ba mu 'yarmu. Ba a barin 'yar Bahaushe a hannun wadda ta tashi a gaban gunki." Hindiya ta ware hannuwa ta tare ƙofa, ƙanƙanuwa da ita, ta ce, "Uwarta ta faɗa a gaban hukuma, a gabanku, a gaban ɗakin Allah: ta Hindiya ce. Ku kawo uwarta ta janye." Goggo ta leƙo ta ce mini in fito. Na ƙanƙame ƙafar gado na ce ko za a yanka ni ba inda zan je. Daga ranar na daina ce mata Hindiya, na koma Ummi.

Su Goggo sun zaci za a mayar da ni Ba'indiya. Ba su san Ummi ba. Kullum da safe ita ke riƙe hannuna ta hau da ni dutse zuwa wurin malamar Takaru, ta zauna a waje a rana har a tashe mu. In na yi mata Larabci sai ta ce in faɗa da Hausa. Ta je wurin Goggon da ta zage ta, ta durƙusa ta koyi tuƙa tuwo, tuwon da har ta mutu bai daina gudaji ba, ni kuma ban taɓa faɗa mata ba. Na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta, ta ce, "Baƙon Ubangiji ba a canza masa kama. Yadda aka ba ni ke, haka zan mayar, da ƙari ba da ragi ba." Wata safiyar salla na yi kwalliya na zo na durƙusa har ƙasa na gaishe ta irin tamu, sai na tuna labarinta, na miƙa hannu zan taɓa ƙafarta. Ta janye da sauri ta ce a'a, wannan na baro shi can. Amma ta fashe da kuka, don tunda take ba wanda ya taɓa sunkuya mata.

Inna ba ta sake dawowa ba. Amma duk aikin Hajji sai wata alhajiya ta hawo dutse tana haki tana tambayar ɗakin Hindiya, ta miƙa ƙulli: kuka, daddawa, da atamfa. Saƙon bai taɓa canzawa ba: a ba Hindiya, a ce ina gaishe ta, ina gaida mutanen gidan. Ni ce mutanen gidan. Atamfar kuma duk shekara tana ƙara tsawo, daidai yadda nake ƙarawa, kamar tana auna ni daga Kano. Shekarar da aka ɗaura mini aure da uban su auta, haifaffen nan unguwar Hindawiyya ta Makka, ƙullin ya zo da tabarmar kaba da ludayi. Shekarar da ƙullin bai zo ba, ban jira kowa ya faɗa mini ba, na shiga ɗaki na yi kukana.

Ummi a hannuna ta tsufa, bayan tela ya rasu. Da ciwon ajali ya kama ta, tsohon tsoron nan na gidansu ya taso mata. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ni ma kamar babana zan tafi. Wa zai tsaya mini?" Na ce mata malamarmu ta koya mana cewa in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai 'yan abubuwa, a cikinsu akwai ɗa nagari da zai riƙa yi masa addu'a. Ta buɗe ido ta ce, "Ashe ku ma kun sani." Sannan ta ce, "Namiji?" Na ce malama ɗa ta ce, ba ta ware ba. Ta yi 'yar dariya ta ce to ta yarda, ni na isa, amma zuciyar tsohuwa ba ta jin karatu, da dai da namiji ko ɗaya. Ni na yi mata wanka, ni na ɗaure mata likkafani. Babanta kuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, ban isa in sa baki ba. Ita dai na yi mata alkawari, kuma ban taɓa saɓawa ba.

To wannan su ne matan da aka ce in jefar da ɗaya. Wadda ta so ni har ta iya cewa ni ba tata ba ce, da wadda ta so ni har ta tsaya gaban hukuma ta ce ni tata ce. Mutanen yanzu so ɗaya suka sani, mai surutu, mai hoto. Dangantaka ma ɗaya suka sani, wadda jini ya rubuta. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya yana dukan ɗan'uwansa da ita, ni kuma ba zan zauna a tsakiya a raba mini iyaye ba.

Da azumi ya yi kwanaki, bayan sallar asuba, auta ya ɗauke ni a mota zuwa Tan'im inda mutanen Makka ke ɗaukar harami, keken a but. Shi jallabiyarsa ce a jikinsa, don a lissafinsa ɗan tura keke ne kawai. Ya sauke ni ya zaunar, ya durƙusa a gabana ya ce, "To Umma, wa kika zaɓa?"

Na ce ya buɗe jakata. Ya buɗe, ya ga fararen zannuwa biyu na harami, sababbi, waɗanda na aiki maƙwabciya ta sayo mini.

"Umma, wannan na maza ne."

"Na sani, ai ban makance ba. Shiga ka yi wanka ka ɗaura. Ni zan yi wa Inna, kai ka yi wa Ummi."

Ya shafa gemu ya fara ja da baya. "Ya Umma, ni ban shirya ba. Ga azumi, ga tura keke, ga aiki yana jirana. Kuma fisabilillahi, Allah ya jiƙanta, amma ni mene ne haɗina da ita?"

"Haɗinka? Da ba ta fito ba takalmi ran nan ba, da yanzu babu kai, babu gemun da kake shafawa. Ka ji ni da kyau. Ko ka ɗaura, ko ka kai ni in yi ta Inna yau, gobe in tari tasi da kaina in dawo nan in yi ta Ummi. In zuciyar ta tsaya a tsakanin Safa da Marwa, sai ka je ka yi wa likitanka bayani."

Ya dube ni ya ga ba wasa a fuskata. Ya san ni, ya san zan aikata. Ya ɗauki zannuwan ya tafi yana gunaguni da Larabci, a zatonsa kunnena ya mutu. Can sai ga shi ya fito, ƙaton mutum da tumbi cikin farin zane, kansa a buɗe. Da ya matso na ga gunagunin ya ƙare, idonsa ya yi ja. Ya tsaya kusa da keken ya fuskanci alƙibla, ya tambaye ni a hankali, "In ce a madadin wa?"

"Hadiza. Kakarka."

Na yi tawa niyyar, a madadin Inna. Shi kuma ya fara tasa can ƙasan maƙoshi, kamar mai jin kunyar a ji shi. Na kai hannu na ja bakin haraminsa.

"Ɗaga murya," na ce. "Ta daɗe tana jiran ɗa namiji."